Azumin da Hoton Alhaji Ya Daskare

Bana azumi ya zo mana da sauƙi. Da asuba har sai an ja mayafi, ruwan randa kuma yana wuni da sanyinsa. Jiya da la'asar ina tankaɗen garin kunu, babbar 'yata da ke aure a Kano ta kira ni ta bidiyo don in ga jikata. Hoton tas, har ɗan haƙorin da ya fara huda dasashinta na gani. Ina yi mata wasa ina dariya, amma hankalina ya riga ya bar wajen. Ya koma wani azumin, na shekarar annobar nan da aka rufe boda, aka rufe kasuwa, aka hana jirage tashi. Idan na tuna wannan azumin, ba yunwa ce take fara zo mini ba, duk da mun sha ta. Gajiya ce, da wani farin akwati mai 'yan fitilu a goshi.

Gidanmu yana bayan garin Maigatari, cikin wani kwari, ta hanyar da ke fita Sule Tankarkar. Sabis ba ya son kwarin nan. A da in za ka amsa waya sai ka fita ƙofar gida ka nemi tudu. Maigidana, Alhaji, dillalin shanu ne, masu saye daga Kudu kuma ba sa yarda a loda sa sai sun ga bidiyonsa yana tafiya da ƙafafunsa. Shi ya sa ya sayo rauta, wato akwatin da ake sa wa layin waya a ciki, shi kuma ya watsa intanet a cikin gida. Ya kafa dogon ƙarfe a kan rufin kwano, ya ɗaura masa eriya tana kallon ƙarfen sabis na cikin gari, wata baƙar waya ta biyo bango ta shigo ta taga. Shi ya haɗa kayansa, shi ya san kansu. Ni iyakata in goge shi idan ina shara. Inna, mahaifiyarsa, ta raɗa masa suna akwatin gulma, don tun da ya shigo gidan kowa ya sunkuyar da kai a kan waya.

Ciwon ƙoda ya kama Alhaji. Ya yi ta zaryar Kano ana yi masa wankin jini, har likitoci suka ce sai dashe. Ƙanensa Lawan ya ce shi zai ba da tasa. Aka sayar da shanu, aka sayar da gonar fadama, suka tafi Masar su biyu. Ba su daɗe da sauka ba duniya ta rufe. Asibitin ya yi ta ɗaga ranar aiki, su ba su dawo ba, ba a kuma yi abin da ya kai su ba. Aka bar ni da yara, da Inna, da rumbun da in ka zura ƙwarya sai ka ji ta kankari ƙasa.

'Ya'ya biyu suka rage wa Inna a duniya, kuma su ne can. Kunnenta ya daɗe da mutuwa, tun wani zazzaɓi da ta yi kafin a kawo ni gidan. Da ido take ji. In za ka yi mata magana sai ka juyo mata da fuskarka, ta kafa wa leɓɓanka ido, ba kuwa abin da zai wuce ta. Saboda haka kiran murya ba shi da amfani a wurinta. Sai ta ga baki yana motsi.

Azumin ya faɗo a tsakiyar bazara. Ban taɓa ganin zafi irin na shekarar ba, ko kuwa don ni kaɗai ce a kan komai. Kafin hantsi kwanon rufi ya fara ƙas-ƙas kamar ana taka shi. Kaji suna lafewa a gindin randa da baki buɗe. Tabarmar da ta kwana a ɗaki in ka kwanta a kai sai ka ji kamar wani ya tashi a kanta yanzu. Rijiyar unguwa ta ja baya, guga yana fitowa da rabin ruwa rabin laka. Ƙanƙarar da ake kawowa daga Gumel kuwa sai labarinta.

Kwanakin duk iri ɗaya suke tafiya. Mu yi sahur da ɗumamen tuwo. Gari na wayewa in kora yara layin famfo da jarkoki, ni in jiƙa gero. Kafin rana ta ɗaga in surfa, in wanke, a kai inji. Da azahar ba mai motsi, kowa ya nemi inda ƙasa ta fi sanyi ya baje. Abin shan ruwa kunun tsamiya ne, ranar da aka samu wake da ɗan mai a yi ƙosai, ranar da babu a kwaɗa busasshiyar rama. Ranar Alhamis, ranar kasuwarmu, da a da ba ka jin maganar na kusa da kai saboda kukan shanu da ƙarar manyan motoci, sai ta zo ta wuce shiru kamar kowace rana.

Abu ɗaya ne muke jira a wunin. Bayan la'asar, idan rana ta karkata ta bar mana inuwa a gindin bango, sai in shimfiɗa wa Inna tabarma, in jingina waya a jikin turmi, in kira Masar. Alhaji ɗan fari ne, don haka Inna ba ta kama sunansa. Mai sunan Malam take cewa, ko kuma wancan. Yawancin hirar da Lawan take yi, ta tambaye shi abin da suka ci, da ko garin ana ruwa, amma idonta yana kan wanda ke zaune a bayansa. In an gama sai ta ce, “To, alhamdu lillahi,” ta ja carbinta. Wannan kiran shi ne yake riƙe da ita.

Goman farko ya kusa ƙarewa sai wata rana hadari ya haɗu a gabas, baƙi ƙirin. Muka fito da bokitai da robobi muka jera a ƙarƙashin indararo. Iska ce kawai ta zo. Ta kwashe dannin awaki, ta yar da shanya, ta yi ta jijjiga kwano kamar za ta tafi da shi, sannan ta wuce ba ko ɗigo. Muka mai da bokitanmu.

Washegari na kira kamar kullum. Ya daɗe yana nema kafin ya shiga. Da ya shiga, fuskar Lawan ta fito dishi-dishi, kamar ana kallonsa ta cikin ruwan wanki. Ya buɗe baki zai yi sallama, hoton ya tsaya cak, bakin a buɗe. Muryarsa tana zuwa guntu-guntu. Sai kiran ya yanke.

“Me ya ce?” in ji Inna.

“Sabis ne, Inna. Bari in sake.”

Na sake. Na kuma sakewa. Har aka kira magariba ba mu ga baki ya motsa ba.

Rubutu dai yana wucewa, ko da yake shi ma sai ya yi nawa. Na rubuta wa Alhaji abin da ya faru. Ya amsa: “Ki kashe shi, ki bari ya huta kaɗan, ki kunna.” Na yi haka. Ya tambaya ko fitilunsa suna ci, na ce suna ci, don ni ban taɓa kula da guda nawa ya kamata su ci ba. Lawan ya ce wataƙila data ce ta ƙare, ya nuna mini yadda ake dubawa. Na duba, tana nan da saura mai yawa.

Daga nan aka koma zargin mutane. Alhaji ba ya hana kowa lambar sirrin akwatin, duk maƙwabtanmu sun san ta, kuma tun da aka rufe makarantu da kasuwa ba ka rasa masu zama a inuwar bangonmu ta waje, kowa da waya a hannu. Lawan ya ce ƙila su ne suke shanye ƙarfin. Ya yi ta rubuto mini mataki-mataki: in kifa akwatin in karanta abin da ke rubuce a ƙarƙashinsa, in shigar a wayata, in nemi wajen canza lamba. Na wuni a kan wannan, gumi yana ɗiga a kan gilashin wayar, ina kuskure ina komawa farko. Da na samu na canza, inuwar bangon ta watse. Maƙwabciyata ta daina aiko mana da ɗan abin shan ruwan da take aikowa. Da la'asar na kira, hoton ya daskare a daidai inda ya saba daskarewa. Sai na mai da tsohuwar lambar, na aika aka gaya musu.

Na taɓa akwatin wata rana da azahar, na ji shi kamar dutsen guga. Na ce to, ko zafi ne ya dame shi shi ma. Na sauko da shi daga kan kabad, iyakar inda wayarsa ta kai, na ɗora shi a kan faifai kusa da randa, inda yashi yake da damshi. Na fita ɗauko itace, da na dawo sai na tarar da Inna zaune a gabansa ta miƙe ƙafafunta masu ciwo, tana yi masa fifita da maficinta. Gumi yana bin wuyanta. Akwatin da take kira na gulma.

“Inna, ki fifita kanki mana.”

“Ni na saba,” ta ce. Ba ta daina ba.

Bai yi amfani ba. Na ce ko batirin solar da ke ba shi wuta ne ya yi sanyi, don wuta kam mun manta rabon da a kawo. Na hana kunna fanka, na hana kunna ƙwai, duk abin da rana ta tara na bar wa akwatin, muka koma kwana a tsakar gida muna juyi. Na aro layin wani kamfanin daban na sa masa, duk ɗaya. Wasu suka ce ai sabis ɗin Nijar ne yake janye namu, tun da boda tana nan kusa. Na hau turmi na ɗaga wayata sama, ba abin da na samu sai saƙon maraba da Faransanci, kamar na ƙetare.

A tsakanin nan Alhaji yana aiko saƙon murya. Gajere, amma sai ɗan zoben nan ya yi ta juyawa kafin ya sauka. In saurara, in juyo wajen Inna in maimaita mata kalma bayan kalma. Ta jure wannan na wasu kwanaki. Ran nan na fara ke nan sai ta ɗaga hannu.

“Wannan bakinki ne, Dije. Ba nasa ba.”

Cin abincinta ya ragu. In an sha ruwa ta kurɓi kunu ta ture kwanon tuwo. Tsohuwa, ga azumi, ga zafi. Na fara tsoron kafin a gama da na Masar a fara da na gida.

Cikin goman tsakiya Lawan ya rubuto cewa an tsai da rana. A goman ƙarshe za a yi aikin. Na gaya wa Inna. Ta daɗe tana kallon bakina bayan na gama magana.

“Su biyun rana ɗaya?”

“Rana ɗaya, Inna.”

Ta jawo carbinta.

Allah ya kawo wana, Yaya Sabo, daga Gagarawa, ya ɗauro mana ɗan gero a bayan babur. Manomi ne, ya manyanta, wayarsa ma irin mai madannai ce. Na ce ya taimaka ya kai ni Gumel da akwatin a duba. Da Inna za ta iya hawa babur da ita zan ɗauka, ta yi kiranta a can ta huta, amma ƙafafunta ko bakin zaure ba sa kai ta sai da dafa bango, motoci kuma ba sa tafiya. Na naɗe akwatin a zani na rungume. A kan titi an kafa shinge ana mai da mutane, sai muka bi ta cikin gonaki, ta hanyar amalanke. Inda yashi ya yi zurfi in sauka in taka, shi ya tura. Gonakin duk an share su, an zuba taki tsibi-tsibi, suna kwance fari fat suna jiran ruwa. Miyau ya ƙafe a bakina tun kafin mu yi rabi.

A Gumel muka samu wani shagon gyaran waya a bayan kasuwa, ƙofarsa a saye. Mai shagon ya jona akwatin ya kunna. Fitilu suka kama a jere, reras.

“Hajiya, a gida guda nawa suke kamawa a wannan layin?”

Na duba inda yake nunawa. “Ɗaya. Ita ma tana ƙyaftawa.”

“To waɗannan su ne ƙarfin sabis. Kin ga nan duk sun cika, ban ma sa masa eriya ba, don ƙarfen yana kusa da mu. Akwatinki lafiyarsa ƙalau. Matsalar tana tsakanin rufinku da taga. Gwada kira ki gani.”

Na kira. Bugu ɗaya ya shiga. Fuskar Lawan ta fito tas.

“Yaya Dije! An gyara?”

“Ina Gumel. Ba ni shi.”

Ya kalli gefe. Sannan ya juya wayar a hankali.

Kafin sabis ya lalace ma Alhaji ya rame, amma ba haka ba. Kumatunsa sun zurma, idanun sun faɗa ciki, fatarsa ta yi toka-toka, wuyan rigar asibiti ya yi masa yawa. Ashe a kwanakin da nake fama da akwati, shi da wani zazzaɓi yake fama, wanda ya kusa sa a sake ɗaga aikin. Ba wanda ya gaya mini. Mai shagon ya dubi fuskata, ya tashi ya fita waje wajen Yaya Sabo.

“Dije, kin sha rana,” in ji Alhaji.

“Alhaji...”

“Na sani, ba sai kin faɗa ba. Ki saurare ni. Ki bar akwatin nan yadda yake.”

“In bar shi kamar yaya?”

“Eriya ce. Tun ranar da kika rubuto an yi iska na zarge ta. Na yi shiru. Kada Inna ta gan ni haka, Dije. In ta gani ba za ta ƙara sa komai a bakinta ba. Ki ce mata ya gagara. In an yi aiki na murmure sai a gyara.”

Na tuna wunin da na yi ina canza lamba, da kwanan tsakar gida, da tsohuwar da ke fifita akwati. Ina so in gaya masa duka. Amma na dubi wuyan rigar nan, sai na fasa.

“In kuma ba a...” Ban ƙarasa ba.

“Allah yana nan,” ya ce. Ya gaji da maganar, Lawan ya karɓi wayar.

Duk da haka na sayi sabuwar wayar eriya a wajen mai shagon. Ya nuna mini yadda ake murɗa bakinta. Ban yanke shawarar komai ba a lokacin, hannuna ne kawai ya karɓa.

A hanyar komawa muka tsaya a inuwar wani gawo don injin babur ya huce. Na gaya wa Yaya Sabo abin da aka yi. Ya cire hularsa ya share kai.

“Mijinki ne,” ya ce. “Ita kuma uwarsa ce. Ni hawa kawai na iya. In kin ce in hau, in hau.”

Muka iso gida rana ta yi sanyi. Inna tana kan tabarmarta a gindin bango, ita ta shimfiɗa wa kanta. Na durƙusa a gabanta na juyo mata da fuska. Na ce an duba akwatin ba abin da ya same shi, wayar sama ce ake zargi. Ba bakina take kallo ba wannan karon, idona take kallo.

“Kin gan shi.”

“Na gan shi, Inna.”

“Ya ce kada in gani.”

Na sunkuyar da kai. Ta sa yatsa ta ɗago haɓata.

“Na gan shi lokacin da ƙyanda ta kusa tafiya da shi, ana ƙirga haƙarƙarinsa. Me ya rage da zai ɓoye mini? Su biyu za a kwantar a yanka. Ba zan sa musu albarka ta bakin wani ba.”

Yaya Sabo ya kwana a zaure. Gari na wayewa, kafin kwano ya ɗau zafi, muka aro tsani ya hau. Duk da sammakon sai da ya nemi jiƙaƙƙen buhu ya durƙusa a kai. Ya bi baƙar wayar da hannu, har ya zo inda ta ratsa bakin kwano.

“Dije! Ga ta nan. Kwano ya ci ta, saura ƙiris ta rabu biyu. Ƙarfen ma ya juya, abin yana kallon Nijar.”

Ya kwance eriyar ya zuro mini da igiya. Na cire tsohuwar waya na murɗa sabuwa yadda aka nuna mini. Ya ja ta sama ya ɗaure, ya naɗa tsumma a inda take gogar kwano. Saura saiti. Daga rufin ba a hango ƙarfen sabis, bishiyoyi sun tare, sai dai a yi ta juyawa ana duba fitilu. Ni ina ɗaki a gaban akwatin, shi yana sama, ƙarar kwano ba ta bari ya ji ni. Sai Inna ta dafa bango ta fito ta tsaya a tsakar gida, inda take ganina ta taga. In ɗaga mata yatsu, ita kuma ta ƙwala masa da muryar nan tata ta wadda ba ta jin kanta.

“Ɗaya! Ƙara juyawa!”

Ya juya.

“Biyu! A'a, ta koma! Kai Sabo, a hankali, ba akalar raƙumi ba ce!”

Maƙwabta suka leƙo ta katanga. Rabon da a ji muryar Inna haka an daɗe. Rana tana hawa, rigar Yaya Sabo ta manne a bayansa. Can sai fitilun suka kama gaba ɗaya. Na ɗaga hannuna duka, Inna ta ce, “Tsaya nan! Ɗaure!” Da ya sauko sai haki yake yi. Ya zauna a gindin randa, na yi ta zuba masa ruwa a ka.

Na rubuta wa Alhaji: “An gyara. Inna ta sani, ba ni na gaya mata ba. Ka sa hula.”

Da la'asar na jingina waya a jikin turmi. Kiran ya shiga nan take. Lawan ya tayar da Alhaji zaune, ya sa masa kaftani da hula, hular tana neman rufe masa kunne. Ba dishi-dishi, ba daskarewa, ba inda zai ɓuya. Inna ta matso. Ta dube shi tun daga hula har ƙirji, ba ta ƙyafta ba. Ni ce na kau da kai.

“Ɗago kai in ga bakinka,” ta ce.

Ya ɗago. Ya gaishe ta. Ta amsa, ta tambaye shi ko yana iya cin abincin mutanen, ya ce kaɗan-kaɗan. Ta ce ya riƙa daurewa. Sai ta gyara zama.

“Isuhu.”

Tun da nake a gidan ban taɓa jin sunan a bakinta ba. Shi ma ina jin bai taɓa ji ba, don leɓɓansa suka fara rawa.

“Isuhu, na yafe maka duniya da lahira. Lawan, matso in gan ka. Kai ma na yafe maka, Allah ya biya ka abin da za ka bayar. Ku shiga tare, ku fito tare. Allah ya yi muku albarka.”

Su biyun suna kuka, ita ko ɗigo. Ta ce in kashe, kada a gajiyar da shi. Da aka sha ruwa a ranar ta jawo kwanon tuwo ta ci, har ta nemi ƙarin miya.

Ruwan shuka ya sauka ana gobe aikin. Ba iska, ba hayaniya, ya zo ya yi ta zuba har ƙasa ta ƙoshi, ƙamshinta ya cika gida. Yaya Sabo ya riga ya koma Gagarawa, tasa gonar tana jiransa. Gonar tudu ce kaɗai ta rage mana, kuma damshi ba ya jiran kowa. Da safe, a daidai lokacin da ake shiga da su, na ɗauki sungumi da ƙwaryar iri na tasa yara a gaba. Wayar na bar ta a gida, don a gona ba ta da amfani. Ina sara suna zuba iri suna rufewa da diddige. Ban taɓa riƙe sungumi wuni guda ba sai ranar. Tafin hannuna ya yi ƙulu-ƙulu ya fashe. Kowane sara da addu'arsa, har na daina sanin me nake cewa.

Bayan la'asar muka dawo. Ban wanke ƙafa ba na ɗauki wayar. Akwai saƙon murya daga wani ɗalibi Bahaushe da ke yi musu tafinta a can. Na taɓa shi, ya buɗe nan take. An fito da su. Lawan ya farfaɗo har ya nemi ruwa. Alhaji bai farka ba tukuna, amma likitoci sun ce ƙodar ta fara aiki. Na gaya wa Inna. Ta juya gabas ta kai goshinta ƙasa, a kan jiƙaƙƙen yashi.

Sai bayan kaka suka samu jirgi suka dawo, Alhaji yana dogara sanda, Lawan yana tafiya a karkace. Geron da muka shuka shi suka tarar a rumbu. Alhaji bai taɓa tayar da maganar da muka yi a shagon Gumel ba, ni ma ban tayar ba. Inna ta yi shekara biyu tare da su kafin Allah ya karɓi abarsa.

Amma yammacin ranar shukar shi ya fi zauna mini. Bayan na isar da saƙon na tuna ban jiƙa gero ba, ban ɗora komai ba, magariba kuma tana matsowa. Na je bakin madafa da niyyar hura wuta. Na ce bari in ɗan jingina da bango in huta kafin in fara. Ban san lokacin da barci ya ɗauke ni ba, da lakar gona a ƙafata.

Hannu na ji a kafaɗata. Na buɗe ido, gari ya yi jaja-jaja, hayaƙi ya cika tsakar gida. Inna ce tsaye a kaina, ta dafa bango da hannu ɗaya, ɗayan riƙe da ƙoƙo. Idanunta sun yi ja, ta sha fama da jiƙaƙƙen itace. Ta kwashi ragowar garin jiya ta dama kunu da kanta. Tun da aka kawo ni gidan ina amarya, ni ce mai kai mata, ita ce mai karɓa.

“Sha, Dije. Rana ta faɗi.”

Na yunƙura zan tashi in karɓa da ladabi, in ga abin da yara za su ci. Ta danna kafaɗata ƙasa.

“Na ba su. Zauna. Yau kam zauna.”

Kunun ya yi ruwa, ga gudaji, tsamiya ta yi yawa, ba sukari. Na zauna na shanye shi tas.